Tsohon Rum a Ƙofar Ruwa

Cikin kwantenar mabul ya zo,
tsakanin falankin da Alhaji Haladu ya yi oda daga Italiya,
naɗe da tsohon bargo kamar mai masassara.
Ba ya cikin rasit.
Yaran shago suka kwance, suka ja da baya: gunki!

Ni na ɗaga shi.
Farin dutse, sanyi kamar gindin randa.
Hancin ya gutsure, idanun ba ƙwaya,
amma goshin nan, layi uku zurfafa,
kumatu sun zube, ga sanƙo,
ga wani ɗan tsiro a gefen leɓe
da mai sassaƙa bai yafe masa ba.
Sai ka gangaro wuya ka iske ɗan kokawa:
kafaɗa cike, ƙirji sumul,
ko tamoji ɗaya babu.

Wata malamar zane, Talatuwa,
ta zo tayin tayil na banɗaki, ta tsaya.
Ta ce kwafi ne, kwafin wani kwafi.
Ta ce Girkawa jiki suke sassaƙawa marar aibu,
Rumawa suka aro jikin
suka ƙi sakin fuskarsu.
Ta biya kwali huɗu, ta tafi.

Na tuna hoton babana.
Ranar da ya je Fagge a ɗauke shi,
rigar mai hoto ya sa, mai aska takwas,
ta yi masa yawa a kafaɗa.
Mai hoto ya ce bari in shafe tabon nan na gira.
Baba ya ce bar shi,
bulo ne ya faɗo mini a ginin Kantin Kwari,
rigar taka ce, tabon nawa ne.
An ce zanen aro ba ya rufe katara.
To, wasu ba rufewar suke nema ba.

Alhaji ya ce ba a ajiye sura a wurin neman halak.
Ban musa ba, haka aka koya mini.
Ya ce a fasa, a zuba cikin tsakuwar tarazo,
dutsen mai kyau ne, kada a yi asara.

Bayan la'asar na ɗauki guduma.
Ƙirjin ya tafi da bugu biyu.
Goshin ya ba ni wahala.

Yanzu yana wani gida a Nasarawa,
a daɓen barandar baƙi.
Ni na zuba, ni na goge da inji har ya yi sheƙi.
Kusa da ƙofa, hagu da wurin cire takalma,
akwai farar tsakuwa mai ɗan layi a tsakiya.
Injin ya bi ta kanta sau bakwai.
Masu gidan ba su sani ba.
Ranar da na je karɓar cikon kuɗina,
na tsallake ta.