Litinin da Alhamis

Da can ranakun azumina ne,
Litinin da Alhamis.
Yanzu ranakun wanki ne, ba na tufa ba,
na jinin da ƙodata ta gaji da tacewa.

Shekara ashirin da biyu ina jan mota
daga tashar Daura zuwa Katsina,
babu ramin hanyar Mashi da ban san zurfinsa ba.
Yau ni ne a kujerar baya,
ƙafa ta kumbura, ta ƙi takalmi,
yaron da na koya wa saka giya
yana kau da kai in na miƙa kuɗin mota.

Motar ce ta fara tafiya,
injin asibiti ya shanye ta a wata huɗu.
Sai gonar Sandamu, har da kukarta.
Sai keken ɗinkin Hurera.
Ranar da aka ɗauke shi ba ta ce uffan ba,
gurbin kawai ta share, sau uku.

Da aka ce gwamnati za ta ɗauki nauyi
na ce zancen rediyo ne.
Layi, hoto, dangwale, a dawo jibi,
jibi ta haifi jibi.
Lurwanu na Baure, maƙwabcin gadona,
tasa takardar ta iso bayan sadakar uku.

Tawa ta same ni da rai.
Ɗan kati, bai kai tafin hannu ba,
Mamuda ma sun rubuta shi a karkace.
Mai karɓar kuɗi ya duba, ya ce, wuce, Baba.
Na tsaya.
Hannuna na cikin aljihu,
bai ji an sallame shi ba.

Katin bai san kuɗin mota ba,
bai san allurar ƙarin jini ba.
Amma Yahanasu ta koma aji,
kuma ran Juma'a na ji ƙanshin miya daga gidana,
ba ta katanga ba.

Ni ɗan garin Kusugu,
kofi biyu aka auna mini a wuni.
Na haƙura da wannan.
Abin da ke hana ni barci yana bayan katin:
an buga Disamba.
Ƙodata ba ta iya karatu ba,
ba ta san shekarar kasafi na ƙarewa ba.

Ina kwance, awa huɗu,
jinina ya fita, ya zaga, ya dawo,
kamar ni da, kafin la'asar.