Katanga Ɗaya

Ni mai gasa burodi ne a Bagalam,
dare ne ranata, rana ce darena.
In an kira assalatu na rufe tanda,
na sallami yara masu tire,
na koma gida da gari a gemu
ina bin barci kamar mai bin bashi.

To, katanga ɗaya ta raba ni da Barmo,
a gindinta kuwa ya kafa injin niƙa.
Ƙarfe bakwai zai ja igiya,
inji ya yi tari, ya yi kaki, ya kama.
Moɗar da na rataye ta hau rawa,
ƙasa na zubo mini daga azara.
Gero, dawa, waken masu ƙosai,
duk a tsakar kaina ake niƙa su.

Na daki katanga da taɓarya, bai ji ba.
Na aika yaro, ya dawo da "to".
Na daina gaishe shi a bakin famfo.
Matata ta riƙa kai niƙa har Mokoyo,
ta bi ta ƙofarsa da ƙwarya a ka
wata biyu cur, don dai ya gani.

Ranar da na rantse sai komisariya
Malam Cindo ya tare ni a rumfa:
"Zauna, Nomau. Takarda ba ta ɗauke katanga."
Aka kira Barmo, ya zo fari fat,
na zazzage cikina har yawu ya ƙafe.

Ya daɗe yana kaɗe hula. Sannan ya ce,
"Ƙarfe ɗayan dare kake tada moto,
salansarta ta fashe tun bara.
Tsohuwata na kwance a ɗakin baya,
in ta firgita ba ta komawa,
ni ke zama da ita har gari ya waye.
Ban yi magana ba. Na ce neman abinci ne."

Ashe laifi tudu ne.
Nawa na taka nake ta hange.

Yanzu tura moto nake har bakin kwalta,
ina haki, karnuka na rakiya.
Shi kuma ya sa tsoffin tayoyi ƙarƙashin inji,
daga azahar zuwa la'asar ya kashe.
Ban ce an samu shiru ba.
Jajibirin salla mata kan yi layi,
alkawari ya sha ruwa, ni kuma in haɗiye.

Jiya bakwai ta yi, ta gota,
inji bai yi tari ba.
Na juya dama, na juya hagu,
kunnena manne da katanga,
tsohuwar nan ta faɗo mini a rai.
Na zura takalmi na zagaya.

Tana zaune a tabarma tana shan koko.
Bel ne ya tsinke.
Barmo bai ɗago ba, ya miƙo mini sufana,
ya ce, "Riƙe nan."
Na riƙe.