Gumi a Watan Janairu

Ƙarfe shida na safe a Duluth,
bakin tafki ya daskare, jiragen ruwa sun yi likimo,
ni kuwa Marlys, direbar motar makaranta lamba sha bakwai,
na zuge taga.
Yara suka ɗau ihu daga baya:
"Misis Haugen, kashe mu za ki yi!"
Ba su san dafa ni ake yi ba.

Daga ƙirji abin yake tasowa, ba sallama,
kamar an buɗe bakin tanderu,
ya bi wuya, ya kama kunnuwa,
ya jiƙa rigar da na goge jiya.
Shekara hamsin da ɗaya.
Jini ya ɗauke tun bara,
ya tafi da barcina a aljihunsa.

Na je babban asibiti da katin inshora,
bayan wata huɗu ina jiran layi.
Likita ya ba ni minti bakwai, na ƙirga,
biyar a ciki idonsa na kan kwamfuta.
Ya ce, "Shekaru ne. Rage shan kofi."
Da takardar kuɗi ta iso
ta fi maganarsa tsawo.

Ƙanwata Solveig ce ta rubuta min adireshi:
saman shagon gyaran takalma, koriyar ƙofa.
Dakta Okerlund ba ta karɓar inshora.
Dala tamanin da biyar duk wata, hannu da hannu,
farashi a jikin bango kamar na gidan burodi.
Na ce a raina, an gudu ba a tsira ba.

Sai ta jawo kujera.
Ta tambayi mahaifiyata, ko an taɓa samun ƙari a nononta.
Ta tambayi ƙafafuna, ko jini ya taɓa gudaji a ciki.
Ta tambayi dare. Ta tambayi Arne,
da yadda gado ya yi mana faɗi.
A maganar mantuwa kuka ya ƙwace min:
ranar da na wuce yaron nan Teo
yana ɗaga min hannu cikin ƙanƙara,
ina kallonsa, ban tuna nawa ba ne.

Ta ce, "Ba tsafi ba ne, kuma ba kowa ake ba wa ba.
Sinadarin da jikinki ya daina yi
za mu ara masa kaɗan, mu ga ko zai gode.
Yana da nasa haɗari. Ungo, karanta,
ki dawo ki yi min gardama."
'Yar filasta ce, ba ta fi kan sarki ba,
a manna ƙasan cibiya Litinin da Alhamis,
sai ƙwaya ɗaya lokacin kwanciya.

Kuɗin fa?
Arne ya sayar da injin huda ƙanƙarar da yake kamun kifi da shi.
Ya ce dama kifin sun riga sun gane shi.

A sati na shida agogo ne ya tashe ni.
Agogo!
Zanin gado a bushe.
Na kwanta ina shafa shi kamar sabon kaya.

Sai dai a kicin ɗin makaranta akwai Lurleen,
mai fifita da murfin tukunya,
wadda kan shige ɗakin sanyi
ta tsaya tsakanin kwalayen kaji har sai an ƙwala mata kira.
Na miƙa mata adireshin.
Ta juya takardar, ta ce nawa.
Na faɗa.
Ta yi dariya, ta ninke ta gida huɗu, ta cusa a aljihun rigar aiki.
"Wannan ai kuɗin gas ɗin gidana ne, Marlys.
In na huce, jikokina su daskare."

Yanzu tagata a rufe take, yara sun daina ƙorafi,
Teo ma ya yafe.
Amma duk safiya in na bi ta bayan kicin
ƙofar a buɗe, tururi na fita,
tana tsaye kan dakali da 'yar riga mai gajeren hannu,
fuska a ɗage, tana shan iska.
Nakan danna mata hon sau biyu.
Har yau ban san me nake ce mata ba.