Ƙeyar Dutse

Ni mai gyaran agogo ne a tsohuwar kasuwar Gusau,
ba mai hoto ba.
Kyamarar ma jingina ce.
Na'Allah ya aje ta kan teburina ranar da ya rufe shago,
ya ce in riƙe har ya kawo dubu tara.
Shekara huɗu ke nan.
Bai zo ba, ni kuwa ban aika ba.

Ran Juma'a, da sallame asuba,
nakan tada babur in nufi Kwatarkwashi
da gurasa a aljihu da batir biyu,
ɗaya mai gaskiya, ɗaya maƙaryaci.

Dutse ba ya gyara hula.
Ba ya cewa dakata in haɗiye dariya,
ba ya roƙon a fito da shi fari.
Amma ya fi kowa ja wa mutum rai.
Na auna da agogon wani da bai zo karɓa ba:
minti goma sha ɗaya
hasken ke kwanciya a kafaɗarsa, ja kamar manja,
sannan ya miƙe,
ya bar min ƙaton toka.

Na sha ɗaukar yatsana.
Na ɗauki bayan jaki da ya ratso ba sallama.
Ranar da mikiya ta sauko har ina jin fukafukinta,
maƙaryacin ne a ciki.

Jaɓɓi, yaro mai tumaki, ya leƙa gilashin
ya dube ni, ya sake leƙawa.
Ya ce, to ai ga shi nan tsaye,
gobe ma yana nan, mi za ka yi da ƙaraminsa?
Mai wankin hoto kuwa cewa ya yi,
Malam, mutanen gudu suka yi?
Na biya shi ban tanka ba.

Sai daren da Gwaggo Hakama ta tarar da su a faifai.
Shekararta uku a ɗakin bayanmu,
tun da ƙauyensu ya kwashe a dare ɗaya
aka bar gero tsaye.
Ta kai ɗaya bakin hanci, don yanar ido,
ta daɗe.
Ta ɗora farce kan wani ɗigon baƙi
da na ɗauka dattin gilashi ne.

Wanga rami, in ji ta, ni da Tumba muka ci shi da niƙa.
Nan ake shanyar kuɓewa.
Can ƙasan tsagar akwai ruwa ko da bazara,
mai sanyi har haƙori.
Sai ta juya takardar, kamar sauran na baya.
Ta ce, amma ɗan nan, ƙeyarsa ka ɗauko.
Fuskar tana duban gidanmu.

Ɗari uku da wani abu na ƙirga,
duk ƙeya.

Hanyar da ke zagawa gaban,
masu babur sun ce ko nawa ne ba su zuwa.
Don haka nake tsayawa inda na saba,
in jira jan nan ya sauka,
in danna.
Da yamma in kai mata,
ta aza farce,
ta ci gaba da faɗa min sunayen
waɗanda ke ciki.