Guzurin 'Yar Mahauci

Shekara talatin da huɗu ina fawa a La Serena,
yau ga ni a kujerar gefe, Ximena na tuƙi,
za mu Antofagasta ganin jika.

Na ce, "Me kika ƙunso mana?"
Ta ce, "Buɗe ka gani, Baba."
Gasasshen wake da barkono,
busasshen ɓaure, zabibin kwarin Elqui,
burodi shafe da fiya da gishiri.
Ba nama, ba cuku, ko ƙwai an hana shi shiga.
Na ce, "Wannan ai kiwo ne, ba guzuri ba."
Ta murmusa, ta taka totur.

Da muka bar Copiapó hamada ta wage baki.
Ba rumfa, ba hayaƙin gashi,
sai duwatsu, sai cikina yana ƙugi.
Ta zuba wa titi ido,
na zura hannu kamar ɓera a rumbu.
Ɓaure ɗaya na ɗauka,
shi ya kira 'yan'uwansa.

Kafin Chañaral ta laluba jaka,
ta tarar da ɓurɓushi.
Ba ta ce uffan ba.
Ni ma na juya ina kallon teku,
harshena na sakace haƙora a ɓoye.