Zango Na Farko

Ni ɗan goro ne a Agege.
Ƙwarya ce ma'aunina, ɗari cif, ba ragi ba gyara.
Ban san besbol ba sai da Sagiru, ɗan ƙanwata,
ya shigo da kulki da safar fata ta hannu guda,
ya ce, Kawu, Asabar ka zo Surulere.

Danfo biyu na hau, gumi har gadon baya.
Fili ne mai kusurwa huɗu, ja da ƙasa,
kowace kusurwa da sunanta a bakin 'yan wasa.
Ni na raɗa musu zango.
Ka isa na farko lafiya, to, kana da rai,
sauran tafiya sai a yi shawara.

Akwai Kayode, dogo, mai kafaɗar dako.
In ya maka wa ƙwallo kulki
har masu gasa masara sai sun ɗaga kai.
Sagiru kuwa tsayawa yake kamar mai jiran canji.
Ƙwallo ta wuce ƙasa, ya ƙyale.
Ta wuce gefe, ya ƙyale.
Huɗu sun karkace, alƙali ya nuna masa hanya,
ya ajiye kulki ya taka zuwa zango,
ba tafi, ba guɗa, ko fito babu.

Sai na sayi littafi mai layi, na fara karce.
Asabar bayan Asabar,
damina ta jiƙa min shafi biyu,
biro ya ƙafe, na ari na mai sayar da ruwa.

Ga abin da ya fito:
sau hamsin ya tsaya gaban mai jifa.
Tara da bugu ya tsira.
Goma da haƙuri.
Biyu ƙwallo ce ta same shi a haƙarƙari,
ya yi kwana uku yana kwanciya a gefe ɗaya,
amma su ma a lissafi suke.
Ashirin da ɗaya ke nan.
A mayar da shi ƙwarya: arba'in da biyu.

Na bi yaron da ke rubuta sakamakon lig
har bakin motarsu, na saya masa lemo.
Ya ce in an tara kowa da kowa,
gwani da ɗan koyo, an raba daidai,
talatin da uku ake samu a ɗari.
Kayode fa? Ya duba. Ashirin da tara.
Na ce sake dubawa. Ya sake.

Ran da Koci Bankole ya ce zai ajiye Sagiru a benci
don ba ya jin ƙarar kulkinsa,
na buɗe masa littafi a kan bayan babur.
Na ce, ni ban iya wasanku ba,
amma na san goron da ke da ƙyalli ciki da tsutsa,
na san daushe mai ƙura da ke kai shekara.
Tara yaron nan ya ɗara tsakiyar kasuwa.

Ya ce hamsin kaɗan ce, Alhaji.
Gaskiyarsa.
Huhu ɗaya ba ya faɗin yadda kaka za ta kasance.
Duk da haka ya daɗe yana kallon shafin.

A hanyar gida na tuna mu goma sha ɗaya
da muka sauka Ikko a bayan tirela.
Huɗu muka samu wurin shimfiɗa tabarma.
Ba wanda ya yi mana tafi.

Asabar ta zagayo, an sa shi ya fara.
Jifa uku, duka a tsakiya, ya zura wa biyu ido,
ya kai wa ta uku duka ya sami iska.
Ya dawo yana kallon takalmi.

Na rubuta sifili, na lashi biro, na sake rabawa.
Arba'in da ɗaya.
Na ɓare goro, na ci rabi,
na ajiye masa rabin.