Ƙidayar Bazara a Mirya

Kafin rana ta buɗe baki
mun bar Birni bisa moto, ni da Mushe Kiyari,
jumel na lilo a wuyansa,
ido guda ya fashe tun shekarar da ya ajiye alli.
Ya ce guda ya isa,
tsuntsun bai kai a tara masa ido biyu ba.

A garakan Mirya muka sauka.
Ƙasa na ƙamshin albasa da ruwan rijiya,
gawo bai zubar da ganye ba tukuna.
Mai garka ya daina ban ruwa, ya dube mu:
"Me kuka yar a bisan itace?"
Mushe ya ɗora yatsa a leɓe.

Sai ga shi.
Launin ƙasa, ciki fari-fari,
da zane bisa ido kamar an ja masa gira da tsinke.
Nauyinsa bai fi dabino biyu ba.
Ba ya zama, ba ya gaisuwa,
daga ƙaya zuwa ƙaya yana tsince ƙwari,
ci yake irin na wanda aka ce wa mota ta cika.

Na san kurciya, na san cilakowa,
na san janbaki da ya hana kakana barci a gona.
Wannan kuwa ba wanda ya ba ni sunansa.
Mushe ya faɗi wani suna na littafi,
ya maƙale mini a haƙori.
Na ce ni dai Ɗan Sauri zan ce masa.

Tara, goma,
sha ɗaya a cikin magarya.
Mushe na ja da bik a tsohon kaye
da zufa ta ci gefensa.
Ya buɗe bara, talatin da biyu.
Ya buɗe bara waccan.
Ya rufe, bai ce kome ba.

"Da dare suke tashi," in ji shi daga baya,
"su bar Tanut a ƙasa, su bar Agadas,
rairayi ba rijiya, sannan teku.
Kitsen nan da yake tarawa shi ne guzuri,
shi ne gorar ruwa, shi ne kuɗin mota."

Na sauke jumel.
Ƙanena Mutari ma da dare ya tashi,
da jarka naɗe cikin buhu,
da lambar waya a tafin hannu.
Bazara uku ke nan.
Inna har yanzu tana ware masa fura
sai ta yi tsami, ta ba awaki.

Ban faɗa wa Mushe ba.
Na ce, "Suna dawowa?"
Ya goge gilashin mai rai da bakin riga.
"Bayan an ɗaure gero. Waɗanda suka dawo."

Hantsi ya yi, zafi ya sauko kafaɗa,
har duwatsu suka fara rawa daga nesa.
Mai garka ya miƙo mana ruwa a gwangwani,
ya tsaya bayana, ya ɗaga kai,
ya daɗe.
Can ya taɓa hannuna:
"Ga wani nan kun tsallake,
a ƙasan reshe, wajen hagu."

Mushe ya buɗe kaye.
Sha biyu.